Haɗa Ƙaramar Motar Roba, Daga Buɗe Kwali Zuwa Akwatin Nuni: Jagora Mataki-Mataki

Tambayoyin da masu shiga wannan sha'awa suka fi maimaitawa ba su wuce uku ba: da wace mota zan fara, me ya sa fentina ya yi kurji-kurji, kuma me ya sa gilashin ya yi hazo bayan na manna shi. Tushen biyu na ƙarshen ɗaya ne, wato rashin sanin abin da ke zuwa kafin wani. Takardar umarnin da ke cikin kwali takan fara da inji ko casis ta ƙare da bodi, domin haka sassan ke shiga juna. Amma mai aikin ba haka yake bi ba. Bodi ne ke fara shan fenti, saboda shi zai kwashe kwanaki yana bushewa, kuma a cikin kwanakin jiran nan ake yin duk sauran aikin. Jerin da ke ƙasa a kan haka aka gina shi.

1. Zaɓen mota

Fara da duba ma'aunin da ke jikin kwali. Idan an rubuta 1:24, ma'anarsa an rage motar gaske sau 24, don haka mota mai tsawon mita 4.5 za ta fito kusan santimita 19. Wannan ma'aunin shi ne ya fi yawa, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa: sassansa ba su yi ƙanƙantar da za su gagari yatsa ba, ba su kuma yi yawan da za su gundure ka ba. Kamfanonin Japan irin su Tamiya, Aoshima, Fujimi da Hasegawa a kansa suka fi yin motocinsu. Na Amurka irin su AMT da MPC sun fi yin 1:25, bambancin kaɗan ne, za su zauna kusa da juna ido bai ƙi ba. Motocin tseren Formula 1 na Tamiya 1:20 ne akasari. Manyan nan na 1:12 a bar su tukuna.

Akwai motocin da ba su da inji a ciki, bonet ɗinsu a rufe yake, ƙasan injin kawai aka zana a jikin casis. Irin waɗannan su ne mafi kyau a karon farko, domin za ka mai da hankali kan bodi. Revell kuma na rubuta matakin wahala daga 1 zuwa 5 a kwalinsu. Na 3 ya isa. Motar farko ta zama mai launi ɗaya, marar sitika da yawa. Motar tseren da aka lulluɓe da tambura tana jan ido a kwali, amma tana iya ɗauke da sitika fiye da hamsin, wasu za su lanƙwasa a kan bamba.

Hattara: tsofaffin ƙira da aka sake bugawa a sabon kwali sukan zo da sassan da ba sa zama daidai. Shafin Scalemates na nuna shekarar da aka fara ƙera kowace mota, duba shi kafin ka saya.

2. Kayan aiki

Galibi kwalin motar ba ya zuwa da gam ko fenti. A karon farko abin da za ka kashe a kan kayan aiki da fenti yakan zarce kuɗin motar kanta, sai dai yawancinsu za su yi maka motoci da dama. Ga abin da ba makawa:

Ƙaramar filaya mai yanka, wadda gefenta ɗaya shafaffe ne. Wuƙar aiki mai reza lamba 11, da sauran reza na canji. Sanfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, irin wadda ake jiƙawa da ruwa. Yawan lambar, laushin sanfefar. Matsefata mai tsinin baki. Salatif na takarda irin na Tamiya, mai faɗin milimita 6 da 18. Tsinken sakace, audugar goge kunne, burushi biyu, siriri da mai ɗan faɗi. Takunkumi mai tace tururin fenti.

Gam iri uku ne, kuma kowanne da wurinsa. Gam ɗin roba, kamar Tamiya Extra Thin mai koren murfi ko Revell Contacta mai allura, ba mannewa yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi sassan biyu su zama ɗaya. Sufa-gulu na ƙarfe ne da wuraren da aka riga aka yi wa fenti. Farin gam irin na katako, wanda ke bushewa garai-garai, shi kaɗai ke taɓa gilashi.

Bindigar feshi da kwampreso ba dole ba ne yanzu. Gwangwanin fesawa na mili 100 yakan isa bodi ɗaya, kuma yana ba da sheƙi mai kyau idan an bi ƙa'idarsa. A sayi bindiga bayan mota ta uku ko ta huɗu, lokacin da mutum ya tabbata zai daɗe a harkar.

3. Buɗe kwali

Kar ka yanke komai tukuna. Sassan a jikin rassan roba suke, kowane reshe da harafinsa, kowane sashe da lambarsa, kamar A4 ko C12. Karanta takardar umarni daga farko har ƙarshe, ka duba cewa rassan sun cika, ka rubuta launukan da aka nema. Sa alama a kan duk sashen da zai ɗauki launin bodi: bamba, bonet, madubai, fiffiken baya, wani lokaci har da ɗakin inji. Dole a fesa su rana ɗaya da bodi, in ba haka ba launin zai bambanta, musamman mai ƙyalƙyalin ƙarfe.

Reshen gilashi ka bar shi a ledarsa. Takardar sitika ka sa ta a wata leda ka ɓoye nesa da ruwa. Ɗigo ɗaya ya isa ya manna ta da takardar umarni. Sauran rassan ka wanke su da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ka goge da tsohon burushin haƙori, domin cire maiƙon da ke saura daga masana'anta. A bar su su bushe da kansu.

4. Yanka da gwaji

Ana yanka sau biyu. Na farko nesa da sashen da kamar milimita 2, na biyu dab da jikinsa, shafaffen gefen filaya na kallon sashen. Ragowar a kankare da reza a bi da sanfefa 600. Wanda ya murɗe sashe da hannu zai ciro shi da rami ko farin tabo.

Sashe ba ya barin reshensa sai lokacinsa ya zo. Na hagu da na dama sukan yi kama sosai, lambar da ke kan reshe ce kawai ke raba su.

Kafin gam ya taɓa komai, haɗa sassan a bushe da salatif. Ɗora bodi a kan casis, sa ɗakin kujeru, gwada gilashi a mazauninsa, rufe bonet. Duk abin da ya ƙi zama, yanzu ne lokacin gyara shi, sa'ad da sanfefa ba za ta ɓata komai ba. Ka kuma tuna fenti na ƙara kauri: bonet ɗin da ya shiga da ƙyar a yanzu ba zai shiga ba bayan shafi shida ko bakwai. Rage gefensa kaɗan tun yanzu.

5. Gyaran bodi

A nan ake cin nasara ko a faɗi, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Ɗaga bodin ka kalle shi ta gefen haske, za ka ga wani siririn layi da ya taso, yana bin saman modigad daga fitilar gaba, ya hau ginshiƙin rufi, ya sauka ta baya zuwa bamba. Wurin da ɓangarorin maƙerar suka haɗu ke nan, babu shi a motar gaske. Bi shi da alƙalamin maka don kar ya ɓace maka, sannan ka goge da 600 har tawadar ta tafi, ka bi da 1000. Fenti ba ya ɓoye wannan layi, ƙara fito da shi yake yi.

Ka kula kar ka haɗa da layukan da ke na motar ne da gaske. Hoton motar gaske a gefenka zai raba gardama.

Inda roba ta loɓa, galibi a saman wurin da akwai ƙafar ɗauri ta ciki, a cike da foti kaɗan, wato kwaɓin cike rami, a bar shi ya kwana, a goge. Foti na raguwa idan ya bushe, shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Layukan ƙofofi da na but kuma a ƙara musu zurfi, domin fenti zai cike su. Juya reza ka yi amfani da bayanta, ka ja a hankali ba tare da dannawa ba, sau biyar zuwa goma. Jan farko shi ne mai haɗari. Idan reza ta zame ta yi karce a ƙofa, sai foti. A ƙarshe bi dukkan bodin da 1000 sama-sama don fenti ya sami abin kamawa, wanke shi, daga nan kuma kar yatsa ya sake taɓa shi. Ɗaura shi a kan mariƙi: lanƙwasasshiyar wayar rataye kaya da ta tokare shi ta ciki, ko gora da aka manna a cikin rufin da salatif.

6. Fentin shimfiɗa

Fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima, aiki uku yake yi: yana kare roba daga zafin fenti, yana riƙe launi, yana kuma tona asirin duk karcen da ido bai gani ba. Tamiya Fine Surface Primer ko Mr. Surfacer 1200 duk sun yi. Launinsa na da tasiri: fari a ƙarƙashin fari, rawaya, ruwan lemo da ja, toka-toka a ƙarƙashin baƙi, shuɗi da ruwan azurfa. Ja a kan toka-toka duhu yake yi, rawaya kuwa sai ta koma kamar ta yi datti.

Shafi biyu sirara, a bar shi ya kwana. Washegari duba shi a haske. Kusan kullum za ka tarar da ragowar layi ko karce. Goge, sake fesa wurin. Idan ya yi daidai, shafa shi da jiƙaƙƙiyar 2000 har ya yi santsi, wanke, bushe.

7. Fesa launi

Da farko ka san fentin da ke hannunka. Iri uku ne: laka (lacquer a Turance), wanda shi ne mafi zafi, wato ya fi ƙarfin cin abin da ke ƙarƙashinsa, kamar gwangwanayen Tamiya masu lamba TS da Mr. Color, inamel, kamar ƙananan gwangwanayen Humbrol na mili 14, da akirilik, kamar kwalaben Tamiya masu lamba X da XF. Ƙa'idar ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Akirilik ko inamel na hawa kan laka lafiya lau. Laka a kan inamel kuwa zai tattare shi ya yamutse kamar fatar tsoho.

Hattara: fentin fesawa na motocin gaske yana da tina, wato ruwan tsinka fenti, mai ƙarfi da ke cin roba. In ka ga dole sai shi, gwada a kan cokalin roba da aka yi wa firaima. Cokalin nan ma shi ne wurin gwada kowane sabon launi.

A yi feshi a waje ko inda iska ke ratsawa, da takunkumi, nesa da wuta. Kar a yi ranar ruwan sama ko lokacin da iska ta yi laima sosai, domin fentin zai yi fari-fari ya rasa sheƙi. Ranar da iska ke ɗauke da ƙura ma a haƙura. Tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumin da hannu zai jure na minti biyar, ɗumin na sa fentin fita da laushi. Ba a kai shi kusa da wuta ko tafasasshen ruwa, fashewa yake yi. Girgiza shi minti biyu cikakku.

Tazara tsakanin gwangwani da bodi santimita 20 zuwa 25. Danna kafin ka iso bodin, wuce shi da tafiya ɗaya, saki bayan ka wuce. Ba a farawa ko tsayawa a kansa, nan ne fenti ke tofowa da gudaji. Fara da wuraren da ke ɓuya: ƙasan ƙofofi, bakin modigad, cikin ramin fitilu. Rufi da bonet su ne na ƙarshe.

Shafi biyu ko uku na farko raɓa ce kawai. Za ka ga firaima na leƙowa ta ƙasa, bodin ya yi ɗigo-ɗigo ba kyan gani, kuma daidai ke nan. Minti 10 zuwa 15 tsakanin kowane shafi. A nan ne haƙurin mai farawa ke ƙarewa, ya ce bari ya rufe gaba ɗaya, fenti ya taru ya zubo ta gefen ƙofa. Bayan launi ya rufe ko'ina sai a yi shafi mai jiƙa, ɗaya ko biyu: matso kusa kaɗan, rage saurin hannu kaɗan, har fuskar ta yi sheƙi kamar an zuba mata ruwa. Da ka ga sheƙin nan, tsaya. Kifa kwali mai tsabta a kansa ka tafi.

Abubuwan da ke faruwa da dalilansu:

Fuska ta yi kurji kamar ɓawon lemo: an tsaya da nisa ko zafi ya yi yawa, fentin ya fara bushewa tun a iska. Gogewa a mataki na 10 za ta gyara shi.

Fenti ya zubo: an matso kusa ko hannu ya yi nawa. Kar ka taɓa shi yana ɗanye. Bar shi kwana biyu ko uku, goge da 1000 sannan 2000, sake fesawa.

Ƙananan ramuka masu kama da idon kifi: maiƙo ne ko zanen yatsa a ƙasa.

Gashi ko ƙura ta faɗa: jira shafin ya bushe, taɓa wurin da 2000, ci gaba.

Idan abin ya lalace gaba ɗaya, jiƙa bodin a cikin sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a rufaffen mazubi, zai saki fentin Tamiya bayan wasu sa'o'i, a ƙarasa da burushin haƙori. Asiton da tinar mota kuwa bodin za su narkar.

Laka na son kwana uku zuwa mako guda kafin ya yi tauri, inamel ya fi haka. Hanci na taimakawa: muddin bodin na warin fenti, bai gama ba.

8. Inji, casis da ciki

Yanzu ka koma shafin farko na takardar umarni. Abin da zai zama launi ɗaya a haɗa shi kafin fenti, kamar ɓari biyu na inji da giyabos, don a goge layin haɗin. Abin da launinsa daban a yi masa fenti daban sannan a manna.

Da Extra Thin, haɗa sassan biyu tukuna, sannan ka taɓa bakin haɗin da burushin da ke cikin murfi, gam ɗin zai bi tsagar da kansa. Kar yatsanka ya kasance a kan tsagar, gam zai bi ƙarƙashinsa ya buga zanen yatsanka a robar. Gam ɗin roba ba ya kama fenti ko kurom, sai an kankare wurin haɗin har roba ta bayyana. Rashin yin haka ne ke sa salansa ko madubi faɗuwa bayan wata guda.

Abin da ke raba mota mai rai da abin wasan yara shi ne bambancin baƙi da baƙi. A lambobin Tamiya, X-18 mai matsakaicin sheƙi na casis da dashbod, XF-1 marar sheƙi na kafet da roba, X-1 mai sheƙi na 'yan wurare kaɗan. Masu launin ƙarfe kuma, XF-16 na giyabos da jikin inji, X-10 na ƙarfe mai duhu, X-11 na kawunan kusoshi, a ɗiga shi da tsinken sakace. Da burushi, a tsinka fentin da tinar X-20A kaɗan, a yi shafi biyu, kuma kar a koma kan wurin da ya fara bushewa, zai kwaso shi.

Tayoyi: goge layin da ke tsakiyar tafinsu da 400, zai kuma kashe sheƙin sabunta. Wasu tayoyin zanensu na da alkibla, duba kafin ka sa su a rim. Yayin da gam ɗin ƙafafu bai gama kamawa ba, ɗora casis a kan gilashi ko tebur shafaffe ka ga tayoyi huɗu sun taɓa ƙasa. Idan ɗaya ta ɗaga, minti kaɗan gare ka ka daidaita.

9. Sitika

Sitikar waɗannan motoci ta ruwa ce, siririya ƙwarai, kuma fuska mai sheƙi kawai take so. A kan fenti marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashinta, gefenta ya yi fari kamar azurfa.

Yanko ɗaya kacal. Tsoma ta a ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar daƙiƙa 10, ɗora a kan kyalle, jira har ta fara zamewa da taɓin yatsa. Jiƙa wurin da za ta zauna, kawo takardar dab da wurin, ka zame ta kai tsaye daga takarda zuwa bodi. Ba a ɗaga ta a iska, naɗewa take yi. Daidaita ta da jiƙaƙƙen burushi, sannan ka mirgina audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe don fitar da ruwa. Mirginawa, ba ja ba.

A wuri mai lanƙwasa ana amfani da ruwan laushi: Micro Set mai shuɗin rubutu a ƙasa, Micro Sol mai jan rubutu a sama, ko Mark Fit na Tamiya. Bayan an shafa Micro Sol sitikar za ta yamutse har ka ɗauka ta lalace. Kar ka taɓa ta. Ta yi laushi kamar ɗanyen fenti, da kanta za ta miƙe ta kwanta idan ta bushe. Wadda ta ratsa layin ƙofa a tsaga ta da sabuwar reza bayan ta bushe, a ƙara ɗigon ruwan laushi. Gama gefe ɗaya kafin ka juya, kuma a bar su kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a goge ragowar gam ɗinsu da ɗanyen kyalle.

10. Banish da gogewa

Banish shi ne fenti marar launi da ke rufe komai, kamar TS-13. Launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe dole sai da shi, domin ba a goge irin wannan launi kai tsaye, zai yi dabbare-dabbare.

Hattara: TS-13 na da zafi a kan sitika. Shafi uku na farko su zama raɓa sosai, da tazarar minti 20 ko fiye, kafin mai jiƙa. Wanda ya fara da shafi mai nauyi zai ga sitikarsa ta kumbura.

Bayan mako guda a goge. Jiƙaƙƙiyar 2000, sannan 3000 in akwai, a hankali, har fuskar ta dushe bai ɗaya ba sauran ɗigon sheƙi. Ɗigon nan su ne ramukan kurjin. Sai man gogewa na Tamiya, mai kaushi, mai laushi, da na ƙarshe, kowanne da kyallensa. Gefuna da kusurwoyi fentinsu ya fi siranta, a rufe su da siririn salatif ko a kauce musu. Idan launin mota ya fito a kyallen, ka ratsa banish, tsaya nan. Man da ya maƙale a layin ƙofa a fitar da shi da ruwa da burushi mai laushi.

Layukan ƙofofin sai a ɗiga musu Panel Line Accent Color, wani tsinkakken fenti na Tamiya, ya bi layin da kansa, a share abin da ya fita da audugar da ta ɗan taɓa tinar inamel. Baƙi ya yi tsauri a farar mota, toka-toka ya fi. Kar a bar shi ya taru a kan robar da ba fenti, yana sa ta tsagewa.

11. Gilashi, fitilu da kurom

Robar gilashi ta fi sauran gautsi. Yanke ta nesa da jiki, ka rage saura da sanfefa, domin filaya na iya aika tsaga cikin gilashin, kuma wannan ba ta da magani. Baƙin zagayen gilashi ta ciki ake fentinsa. Motocin Tamiya da yawa na zuwa da takardar rufewa da aka yanka daidai wurin.

Sufa-gulu na fitar da tururi yayin bushewa, tururin ya kwanta a gilashi ya zama farin hazo, ya fi kama inda yatsa ya taɓa. Gam ɗin roba kuma narkar da shi yake yi. Saboda haka farin gam kawai, ɗigo-ɗigo da tsinken sakace a gefuna, a riƙe da salatif har ya bushe. In ya fito waje, ɗanyar auduga ta share shi. Haka gilasan fitilun gaba, kuma a duba zanensu ya miƙe, kar ɗaya ta karkace motar ta zama mai harara.

Fitilun baya ta ciki ake shafa musu X-27 ja mai ratsa haske, sigina X-26, a sa azurfa a bayansu. Zagayen tagogi idan baƙi ne a rufe da salatif, a danne bakinsa da tsinke, a shafa X-18, a cire salatif kafin fentin ya yi tauri. Idan kurom ne, Bare-Metal Foil, siririn fallen ƙarfe mai gam a baya, ya fi: manna, murza da auduga, yanke da reza sabuwa fil, nauyin wuƙar kaɗai ya isa. Inda aka yanko sashen kurom daga reshe yakan bar tabo, alƙalamin Molotow mai tawadar kurom na rufe shi, amma a bar shi kwanaki ba taɓawa.

12. Haɗawa ta ƙarshe

Wanke hannu ko sa safar auduga. Share cikin gilashi, domin bayan an rufe ba sauran shiga. Yawanci bodi ta baya ko ta gaba yake fara shiga, sannan a ɗan buɗa gefunansa ya zauna a kan casis. In ya ƙi, kar ka danna. Galibi dashbod ne ke tokarar gilashi, ko ɗakin kujeru bai zauna a raminsa ba. Madubai, waifa, eriya da lambar mota su ne na ƙarshen ƙarshe. Madubi ya fi daɗewa idan an huda ƙafarsa da ƙofar an sa guntuwar waya mai kaurin rabin milimita.

13. Tarawa da adanawa

Mai tarawa ya tsai da ma'auni ɗaya da jigo ɗaya tun da wuri, ko motocin kamfani guda, ko na wani zamani, ko na tsere, in ba haka ba kwalaye za su fi ƙarfin ɗaki da aljihu. Kusan kowa a harkar nan yana saye fiye da yadda yake haɗawa. Kuma kar a ruɗe da kalmar "ba a samun ta": kamfanoni na sake fito da tsofaffin motocinsu lokaci zuwa lokaci.

Idan za ka sayi wadda aka taɓa buɗewa, duba abu huɗu: gilashi ba tsaga, tayoyi sun cika, sitika ba ta fashe ko ta yi rawaya ba, bodi bai murɗe ba, musamman ginshiƙan rufi. Sitikar da ta tsufa takan wargaje a ruwa; shafa mata Liquid Decal Film na Microscale kafin a jiƙa yana riƙe ta.

Haɗaɗɗiyar mota akwatin nuni mai murfi take so, nesa da taga. Rana na kashe launi, tana mai da fari rawaya, zafi kuma na lanƙwasa roba. Ƙura da burushin kwalliya mai laushi ake share ta, kuma ta ƙasan ƙofofi ake ɗaga motar, ba ta rufi ba.

Kwalayen da ba a haɗa ba a jera su a wuri mai sanyi marar laima, kar a ɗora da yawa a kan juna, na ƙasa ne ke murɗewa. Duk kwalin da ka buɗe, cire tayoyin ka ƙulle su a ledarsu daban. Robar wasu tayoyi na ɗauke da sinadarin da ke narkar da robar sassa idan sun daɗe suna taɓa juna, sai ka buɗe kwali bayan shekaru ka tarar da zanen taya ya nutse a tsakiyar gilashin gaba. Haka yake faruwa a kan rim da kuma ƙasan akwatin nuni, don haka a shafa fenti a bakin rim inda taya ke zama, a kuma sa 'yar takarda a ƙarƙashin kowace taya.